Hannun Kawu Mai Aski

Zuwa ga Kawuna mai aski,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, kai da Inna, da duk wanda ya zauna a kujerar shagonka yau. Da fatan ƙafar Inna ta daina kumburin nan. Mu nan lafiya lau. Umma ma lafiya, sai dai jininta da ke hawa duk ranar da ƙannena suka dawo daga ƙwallo da yagaggen wando.

Na san za ka ce wace ce wannan, don rabon da mu haɗu tun ina sakandare. Tambaya ce, wadda ka raɗa wa wannan suna ranar da na tsare ka a tsakar gida sai ka gaya mini abin da ya sa gashi ba ya jin zafi in an yanke shi. Umma kullum cewa take, ko da yake babanka da mamarta ne ciki ɗaya, ita ba ta da yayan da ya wuce ka. Na kira wayarka ba ta shiga. Ta ce kai mutumin takarda ne, in rubuto in ba direban motar garinku, ya san shagon.

Kawu, abin alheri ne ya same ni. Jami'armu tana da cibiyoyin bincike da take haɗe da su, kuma duk dogon hutu sukan ɗauki ɗaliban likitanci kaɗan su yi aiki da manyan masu bincike. Bana sunana ya fito. Aka ce in zaɓa: akwai cibiyar cututtukan yara nan kusa da mu, akwai ta sauro da zazzaɓi, sai ta ƙwaƙwalwa da jijiyoyi wadda take garinku, bayan babban asibiti. Ita na ɗauka ban ko yi shawara da kowa ba. Akwai wata Farfesa a can da ke bincike a kan ciwon nan da ke sa hannun manya karkarwa, jiki ya yi nauyi, tafiya ta koma jan ƙafa. Suna gwada ko wani motsa jiki na musamman, in an haɗa shi da magani, zai rage wa ciwon sauri. Ɗalibin da ya yi aiki da ita yana ganin marasa lafiya ido da ido, ba wankin kwalabe kawai ba, kuma in ya yi ƙoƙari sunansa kan fito a takardar binciken. Ni da ko allura ba a bar ni na yi wa mutum ba tukuna, ka ga dole in kasa zama.

Ga roƙon. Cibiyar tana da ɗakunan kwana, amma Umma ta ce ina da kawu a gari ba zan kwana cikin baƙi ba. Ta ce akwai ɗan ɗaki a gidanka kusa da kicin. Ba ni da ci, na iya wanke-wanke, surutun ma na rage shi sosai.

Ɗiyarka,
Tambaya

Tambaya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, ta ɗan daɗe a aljihuna. Muna lafiya. Ƙafar Innarki da sauƙi, tana gaishe ki. Ki gaida Ummanki da yaran.

Na yi murna da abin da kika samu, Allah ya ƙara basira. Amma wannan cibiyar ba wurinki ba ce. Ki ɗauki ta yaran, ga ta kusa da gida. Ɗakin da kike magana kuma akwai kaya a ciki.

Kada ki ga gajartar takardar, aiki ne ya yi yawa.

Kawunki

Kawu,

Salamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Mu ma lafiya.

Na jira amsarka har na fara zargin direban ya yar da takardata a hanya. Da ta zo a tsaye na buɗe ta a bakin ƙofa, ina dariya, Umma tana leƙe ta kafaɗata. Kafin in kai ƙarshe dariyar ta tsaya.

"Ba wurinki ba ce." Na karanta na sake karantawa. Wurin wa ce, Kawu? Wurin 'ya'yan manya? Ko wurin maza? Malaman da suka duba sakamakona ba su ga haka ba. Da cewa ka yi gidan ya yi muku kaɗan, wallahi da na fahimta. Amma ka haɗa da nuna mini ban isa ba, kai da ba ka taɓa ganin takardar jarrabawata ko ɗaya ba.

Rubutun ma ya nuna yadda ka ɗauke ni. Umma tana ba mu labarin yadda ka rubuta allon shagonka da hannunka har mutane suna tsayawa kallo. Ni kuwa abin da na samu kamar a bayan mota aka yi shi tana gudu a kan gargada, haruffa ƙanana suna hawa juna, kamar kana ƙyashin tawadar.

Da yamma na ji Umma a waya da yayarta, daga nan dangi duka suka ji cewa Kawu ya hana ni ɗaki. Ban hana ta ba.

Zan je cibiyar. Na karɓi ɗaki a can. Ba zan dame ku ba, kayanku su zauna lafiya.

Tambaya

Kawu,

Assalamu alaikum. Ban san yadda zan tambayi lafiyarka ba yanzu, amma ina tambaya. Ina gaida Inna. Ni ƙalau nake, in ban da abinci da ya ƙi shiga tun ranar Talata. Ta ƙarƙashin ƙofar shago zan turo wannan, don na zo har bakin titinku na kasa ƙarasowa gidan.

Bari in faɗi yadda abin ya zo mini, kada ka ɗauka da gangan na yi. Tun da na iso cibiyar a jikin junanmu mu ɗalibai muke koyon gwaje-gwajen. Talatar nan ce rana ta farko da Farfesa ta ce in shiga ɗakin gwaji, ta ba ni agogon auna lokaci. Ka san a can ba a kiran suna, lamba ake kira saboda sirri. Nas ta leƙa baranda ta kira lamba, ni ina sunkuye ina manna bakin farin layin ƙasa da marasa lafiya ke bi a gwajin tafiya, wanda ya ɗago. Takalmi na fara gani yana jan ƙasa. Da na ɗaga kai sai ga ka, hula a hannun hagu, hannun dama cikin aljihu, aljihun yana rawa.

Nas ta ce, "Baba, ga ɗalibarmu sabuwa, ka yarda ta zauna?"

Ka dubi bango ka ce, "Na yarda."

A nan ya kamata in miƙe in ce kawuna ne, in fita. Tun ranar farko aka koya mana haka. Ban yi ba.

Na tsaya na danna agogo kana bin layin, ka kai ƙarshe ka juyo da ƙananan taku. Na danna kana ɓalle maɓallan riga kana mayarwa, na wuyan ya ƙi shiga, Nas tana cewa a hankali Baba, ba sauri. Sai gwajin ɗaukar kofin ruwa. Ni na cika shi, Kawu, kuma na wuce alamar da aka ce a tsaya, don idona yana kanka, ba kan kofin ba. Da ya zube maka a gaban wando sai ka ce, "Yi haƙuri, Likita, na jiƙa miki ɗaki."

Likita ka ce mini. Ni kuma na ce, "Ba komai, Baba," kamar ban taɓa hawa wuyanka ba.

Da ka fita na shiga banɗaki na kulle. Nan abin da na rubuta maka ya dawo mini kalma-kalma. Rubutu ya ƙanƙance yana hawa juna, wannan yana cikin alamomin farko na ciwon. Na haddace shi, na ci jarrabawa da shi. Ya zo hannuna daga wajen ɗan'uwana, na kira shi raini, har na yi masa ba'a.

Washegari ga Farfesa a ofis ina ta wucewa ta ƙofarta, ga Umma kuma tana ta kira tana tambayar abin da ya sami muryata. Na kasa riƙe abin ni kaɗai, Kawu. Na faɗa mata komai.

Ban san da wace fuska zan nemi gafararka ba, shi ya sa na turo takarda.

Ɗiyarka,
Tambaya

Kawu,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gaida Inna. Ina nan lafiya.

Talata ta zo ta wuce, wata ma ta wuce. Duk safiyar ina bakin taga ina kallon ƙofar cibiya, ban ga shigarka ba. Shagon kuma duk sanda na bi a rufe yake, har ƙura ta taru a kan dakalin. In saboda ni ne, don Allah ka dawo. Ba za ka ƙara samu na a ɗakin nan ba.

Ko layi ɗaya ne ka rubuto, ko na faɗa ne.

Tambaya

Tambaya ɗiyata,

Wa alaikumus salam. Takardunki suna nan a ƙarƙashin matashina. Innarki tana gaishe ki, kumburin ya sauka. Ni kuma kin ga lafiyar tawa da idonki, ba sai na yi miki ƙarya ba.

Wannan takardar kwana da kwanaki nake rubuta ta, in yi kaɗan in huta. Innarki ta ce in kawo ta rubuta mini, na ce a'a, yarinyar ta saba da rubutun bayan mota. Kada ki yi kuka, wasa nake.

Da babban yatsa abin ya fara. In na gama aski na zauna jiran wani, sai in ga yana motsi shi kaɗai a kan cinyata. Na ce gajiya ce. Na daina shan shayi mai ƙarfi. Da ya kai ga aiki sai na koma dafa gwiwar hannu a jikin kujera. Masu gyaran fuska na riƙa ce musu askar ta dakushe, sai dai injin aski. Har ranar da wani tsohon malamin makaranta ya zo, wanda nake yi wa aski tun gashinsa yana baƙi, ya ce shi aska yake so. Na yanke shi a bayan kunne. Ba babban yanka ba ne, amma jini ya sauko kan farar rigarsa. Bai yi faɗa ba. Ya kalli hannuna ta madubi, ya kalle ni, ya ce, "Ka je asibiti." Daga asibitin aka tura ni wajen Farfesarku.

In ban da Innarki ba wanda na gaya wa. Mai aski da hannu yana rawa, wa zai miƙa masa wuya? A dangi kuma ni ne wanda ake kira in an rasa mai tsayawa. Ni na riƙa kai Ummanki makaranta a kan keke, tana riƙe da rigata. Ban san yadda ake zama wanda ake yi wa sannu ba.

Kayan da na ce suna ɗakin gaskiya ne. Keken motsa jiki ne da cibiyar ta ba ni, da ƙarfen dafawa da aka kafa a bango. Da kin shiga da kin gane. Da na ce cibiyar ba wurinki ba ce, abin da ke raina shi ne wurina ce, na riga ki. Ban iya faɗa ba, sai na faɗe shi a karkace, na ɓata miki rai a lokacin da kika zo mini da murna.

Ranar kofin nan na fito baranda da jiƙaƙƙen wando, mutanen da muke zaman layi tare kowa ya ga abin da ya ga dama ya gani. Da hula na rufe har bakin titi. Mai adaidaitar da na tsayar ya dube ni, ya shimfiɗa leda a kujera kafin in zauna. Wannan duk zan iya haɗiyewa. Abin da ya ƙi wucewa shi ne inda kika ce kin faɗa wa Ummanki komai. Tun ranar na rufe shago, na cusa waya ƙarƙashin katifa. Duk motar da ta tsaya a ƙofa sai in ce ga su nan sun iso, za a shigo ana sannu ana satar kallon hannuna, kowa da maganin da ya ji labari.

Ba zan koma cibiyar ba. Kin ce ba za a ƙara samun ki a ɗakin ba. In korar ki suka yi saboda ni, ki gaya mini in je in roƙi matar nan, sannan in bar musu wurin.

Kawunki

Kawu,

Assalamu alaikum. Na gode da ka amsa. Ina gaida Inna. Ina lafiya, yau har na ci abinci.

Farfesa na faɗa wa, ba Umma ba. Na yi ta tuno yadda na jera maganar har na ga inda na karkata ta, na sa ka zaman tsoro a ɗaki a banza. Wallahi Umma ba ta san komai ba. Abin da na gani a ɗakin gwaji ba nawa ba ne da zan bayar, ko ga uwar da ta haife ni.

Farfesa ta bar ni na gama kukana, sannan ta ce, "Kin san abin da ya kamata ki yi a ɗakin?"

Na ce na sani.

"To me ya hana?"

Na ce kunya.

Ta ce, "Taki kunyar kika duba, ba tasa ba. Ya ce ya yarda ne don ba ki bar masa hanyar cewa a'a ba."

Na so ƙasa ta buɗe. Gwajin ranar an soke shi, saboda kofin da na cika da kuma zamana a ɗakin. Ba a kore ni ba. An sauko da ni ɗakin gwajin jini da ke ƙasa, inda nake manna lamba a jikin kwalabe ina jera su a firji. Ba zan ƙara ganin mara lafiya ba har hutun ya ƙare, sunana kuma ba zai fito a takardar ba. Sauran ɗalibai suna tambayar me na yi, ina cewa ni na nemi canji, suna kallon juna. Kada ka je roƙo. Daidai aka yi mini.

Amma ka koma, Kawu. Ba a matsayin Likita nake faɗa ba, ban kai ba. Motsa jikin nan in aka bar shi jiki ƙara sandarewa yake, kai ma ka sani. Farfesa ta ce fita daga binciken haƙƙin kowa ne, asibiti zai ci gaba da ba shi magani. In kai ne ka gaji, ba ni da ta cewa. Kada dai ni in zama dalili.

Abin da ya rage a wuyana dangi ne. Jiya Umma ta ce mini a waya, "Ai yayan nan nawa duniya ta canja shi." Na riƙe wayar, amsar tana bakina, ba ni da izinin faɗa. Na ce mata ni ce na yi maka mummunar fahimta, ta ce kare ka nake don ina da kirki. Kirki, Kawu. Ni na ɓata maka suna, kuma ba abin da zai gyara shi sai abin da kake ɓoyewa. Ban san yadda zan yi ba.

Ɗiyarka,
Tambaya

Tambaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya gwargwadon yadda Allah ya so. Innarki ta ce in gaya miki fushi take, wai kina zuwa har bakin titi kina komawa kamar mai bin ta bashin gaisuwa.

Na ciro wayar na kira Ummanki da kaina. Na fara da zancen ruwan sama, na koma zancen yara, na dawo ruwan sama, har ta ce, "Yaya, ka faɗi abin da ka kira ka faɗa." Na faɗa. Can ta ce, "Ni da na bi dangi ɗaya-ɗaya ina cin namanka." Ta yi kuka, ni ma ban tsira ba. Ta ce za ta sake bin su ɗaya-ɗaya ta janye maganar. Na ce ta janye rowar, ta bar mini ciwon, zan faɗa da bakina in na shirya. Ban shirya ba tukuna.

Na buɗe shago. Askar na naɗe a tsumma na ajiye a kan kabad. Inji kawai, yara da masu son a kwashe duka. Wasu sun daina zuwa, ina ganin su suna shiga shagon da ke tsallake suna kau da kai, ni ma sai in yi kamar ina goge madubi.

Na koma cibiya ranar Talata. Da gangan na bi ta ƙasa. Na gan ki ta gilashi da farar riga da safar hannu, kin ɗaga wata kwalba kina yi mata magana. Na ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa, na fasa. Da wannan hannun na ƙwanƙwasa ma da kin ɗauka taron mutane ne a ƙofar.

Bayan gwaji Farfesa ta fito baranda ta ce ana neman masu ciwon da za su yarda su tsaya gaban ɗalibai a babban zaure, su yi tafiya, su nuna hannu, a yi musu tambayoyi. Duk mutanen layin suka sami abin kallo a takalmansu. Ban san sanda bakina ya ce zan yi ba, amma da sharaɗin a bar ɗalibar ɗakin kwalabe ta shiga. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce wannan darasi ne ba bincike ba, ba ta da dalilin hana ki. Na yi niyyar fasawa ban san adadi ba, sai in tarar Innarki ta riga ta goge mini riga mai manyan maɓallai ta rataye a ƙofa.

Alhamis ne da safe. In an ce in gabatar da kaina zan ce ni mai aski ne, waccan kuma ɗiyata ce, in kin yarda. In ba ki yarda ba ki turo mini layi ɗaya, zan tsaya a mai aski. Kunyar tana nan, ba inda ta je, kuma na san taki ma tana nan. Ki zauna a gaba inda zan gan ki, kada ki sunkuyar da kai. In kika sunkuyar ni ma sunkuyarwa zan yi, a tara ɗalibai zaure guda su zo kallon ƙeyar mutum biyu.

Kawunki